Katun masu tsokanar manyan littattafan adabi: raini ne ko me?

Wata baiwar Allah ta turo tambaya, ta ce ɗanta ɗan shekara 13 ya liƙe wa wasu littattafan katun da ake ɗauko manyan littattafan adabin duniya a mayar da su abin dariya, har ta ga ɗaya an sa tsohuwar agwagwar nan ta Disney a matsayin kyaftin ɗin jirgi na labarin Moby Dick. Tana son ta sani, wannan ba raina marubutan ba ne? Kuma yaron da ya fara da irin wannan zai taɓa iya zama ya karanta na asalin kuwa?

Toh 'yar'uwa sannu da ƙoƙari, ba kowace uwa ce take buɗe littafin da ɗanta yake karantawa ta duba ba. Ni na fi shekara 20 ina koyar da zanen labari, kuma ina tara irin waɗannan littattafan tun kafin na fara koyarwa, dan haka bari na faɗa miki abin da na gani da idona. Indai mai kyau ne a cikinsu, wallahi ba raini a ciki, hasali ma ba ka iya tsokanar littafi tsokana mai ma'ana sai ka san shi ciki da bai, ka san inda yake da ƙarfi da inda yake ɗingishi. Amma fa akwai marasa kyau da yawa, kuma ko mai kyaun akwai abin da bazai taɓa bai wa yaro ba, zan zo kansa.

Da farko ki raba abu biyu da mutane suke cakuɗawa. Akwai littafin da aka taƙaita labari aka zana shi tsakani da Allah ba wasa a ciki, kaman jerin Classics Illustrated da Albert Kanter ya fara a Amurka a 1941, suka fitar da guda 169 kafin su tsaya a 1971, kuma a ƙarshen labarin suna rubuta wa yaro cewa ya je laburare ya nemi na asalin. Wannan taƙaitawa ce kawai da hoto. Wanda ɗanki yake karantawa daban ne, kwaikwayo ne na zolaya, ana ɗauko ƙashin labarin a sa masa wata fata da gangan dan mai karatu ya ga bambancin ya yi dariya, kuma dariyar daga tsakanin biyun take fitowa, na asali da na wasan. In ka cire na asalin gaba ɗaya rabin dariyar ta tafi.

Wanda kika gani ɗin daga Italiya ya fito, kuma mutane da yawa suna mamaki in na ce musu mafi yawan irin waɗannan na Disney ba a Amurka aka yi su ba. Akwai mujallar yara mai suna Topolino, wato sunan Mickey Mouse da Italiyanci, kamfanin ɗab'i na Mondadori ya mayar da ita ƙaramin littafi mai shiga aljihu a 1949, kuma a ƙarshen shekarar nan zuwa farkon 1950 suka buga wani labari kashi 6 da ya zama uban duk sauran. Guido Martina ne ya rubuta, Angelo Bioletto ya zana. Suka ɗauko kashin farko na doguwar waƙar Dante, mawaƙin da ya rasu a 1321, wadda a ciki ya ƙago da tunaninsa wata tafiya cikin gidan azaba hawa-hawa, sai suka sa Mickey ya zama Dante, Goofy kuma ya zama Virgil ɗan jagoransa. Kin san Goofy, wannan dogon sakaran. Shi aka bai wa matsayin malami mai hikima da ke nuna hanya, tun daga nan ma yaron da ya san waƙar ya fara murmushi.

Amma abin da nake so ki lura da shi shine aikin da Martina ya sha. Waƙar Dante ƙwar uku ce, kowane baiti ɗango uku, kowane ɗango gaɓa 11, sannan amsa-amon ɗangon tsakiya shi ke komawa ya zama na farko da na uku a baiti na gaba, haka ake ta sarƙawa kaman sarƙa har ƙarshe. Wannan tsari ko manyan mawaƙa gumi suke yi a kansa. Martina ya zauna ya rubuta nasa baitocin a wannan karin daidai, aka jera su ƙarƙashin zanen tun daga farko har ƙarshe, a sama kuma Mickey da Goofy suna ta shirmensu da maganar yau da kullum. Mutumin da ya raina waƙa bazai yi mata wannan hidimar ba, ai da sai ya zana beran da jar riga ya wuce abinsa. Sannan ya kama dokar da Dante ya gina waƙar a kanta, cewa kowa azabarsa tana kama da laifinsa, ya juya ta zuwa duniyar ɗan makaranta: akwai wajen da ɗalibai suka samu darussan da suka gallabe su, irin su lissafi, an mayar da su mutane, suna ramawa. A can ƙasa kuma inda Dante ya ajiye manyan maciya amana, sai ga marubucin da mai zanen su da kansu, Dante yana hukunta su kan sun ci amanar waƙarsa, sai Mickey ya roƙa musu afuwa da cewa yara sun yi farin ciki. Kinga tambayar nan taki su ma sun yi wa kansu ita tun shekara 70 da wani abu da suka wuce, kuma a cikin littafin suka amsa ta.

Me ya sa ya karɓu a Italiya haka? Saboda can yara a makaranta ake ɗura musu Dante, ba wanda bai san baitin farko ba, dan haka marubucin ya tabbata masu karatunsa sun riƙe ɗaya gefen igiyar. Kuma dama can suna da sabo da waƙa a ƙasan zane, jaridar yara ta Corriere dei Piccoli da aka fara a 1908 ta daɗe tana cire kumfar maganar nan da ke fitowa daga bakin mutum a katun ɗin Amurka tana sa baiti biyu masu amsa-amo a ƙasa. Daga nan ƙofa ta buɗe, Donald Duck ya zama Don Quixote a 1956, Luciano Bottaro ya zana na Faust a 1958, aka yi na waƙoƙin Homer, Giovan Battista Carpi ya yi na babban littafin Tolstoy kan yaƙi da zaman lafiya a 1986 sannan na Victor Hugo a 1989, har yau ba su daina ba.

Na Moby Dick ɗin da ke hannun ɗanki a 2013 ya fito, Francesco Artibani ya rubuta, Paolo Mottura ya zana, kuma gaskiya yana cikin waɗanda nake ɗagawa in nuna wa ɗalibai. A littafin Herman Melville na 1851 farin ƙaton kifin tekun nan ya cinye wa kyaftin Ahab ƙafa, shi kuma ya rantse sai ya ga bayansa ko da jirgin da mutanen ciki duk za su halaka. Toh a katun ɗin yara na Disney ba dama a gutsire ƙafar kowa, sai me za a ƙwace wa tsoho Scrooge, agwagwar nan mai kuɗi da aka sa a matsayin kyaftin, da zai haukata shi haka? Sai suka ce kifin ya tafi da kwabonsa na farko, ɗan sulen nan da ya fara samu da guminsa yana yaro, wanda duk mai karanta labaransa ya san ya fi son shi da duk rumbun kuɗinsa. Nan ne gwanintar take. Basu canza halin Scrooge dan ya dace da Ahab ba, sun duba ne suka gano dama can cutarsu ɗaya, mutum ya ƙwallafa rai a kan abu guda har ya daina ganin mutanen da ke kewaye da shi. Kuma wanda ya karanta Melville zai ƙara jin daɗi, dan a can ma akwai tsabar zinare da Ahab ya kafa da ƙusa a jikin sandar jirgi ya ce na wanda ya fara hango kifin ne, wato kuɗin dama yana cikin labarin, ɗauko shi kawai suka yi suka kawo tsakiya.

Wannan zaɓen, wa zai hau matsayin wa, shine kusan rabin sana'ar. Wanda ya fi kowa nuna haka a ganina wani mai zane ne ɗan Amurka, R. Sikoryak, da ya tattara aikinsa a littafi ɗaya a 2009 mai suna Masterpiece Comics. Shi ko barkwanci baya ƙarawa sosai, labarin yana nan yadda yake da duhunsa, abin da yake yi kawai ya zana shi da hannun wani sanannen katun, daidai har kaurin layi da irin kalar da ake bugawa a tsofaffin jaridu. Ya ɗauki labarin Kafka na 1915, mutumin da ya farka da safe ya ga ya zama ƙaton ƙwaro iyalinsa suka fara ƙyamarsa, ya zana shi a matsayin Charlie Brown, ƙwaro sanye da rigar nan mai zigzag. Farko za ki yi dariya, kafin ki kai ƙarshen shafi dariyar ta maƙale miki a wuya, saboda sai ki tuna ashe yaron nan na katun ma kullum a ware yake, kullum ana yi masa dariya, baƙin cikin dama yana nan ƙarƙashin katun ɗin yara ba mu lura ba. Haka ya ɗauki littafin Dostoyevsky na 1866, ɗalibin da ya kashe tsohuwa mai karɓar jingina da gatari saboda ya yarda cewa akwai wasu mutane na musamman da doka bata hau kansu ba, ya ba Batman wannan matsayin, tsohuwar kuma ya yi mata fuskar Joker. Ki tsaya ki yi tunani, mutumin da ya rufe fuska yake fita da dare yana hukunta mutane da hannunsa ba alƙali ba kotu, ashe ba tunanin ɗalibin nan ba ne sak? Shafuka kaɗan, amma sun sa na sake kallon littafin da katun ɗin duka biyu da wani ido, kuma na karanta sharhin malamai masu tsawo da basu yi min haka ba.

Akwai kuma wata hanyar, a bar kalmomin marubucin ko wasali kar a taɓa, zanen ne zai yi ta ƙaryata su. Mujallar MAD da Harvey Kurtzman ya fara a 1952 ta yi haka da waƙar hankakan nan ta Edgar Allan Poe ta 1845, a fitowa ta 9 a 1954, Will Elder ya zana. Waƙar tana can sama tana jimamin masoyiyar da ta rasu, a ƙasa zanen yana ta hauka, kowane lungu ya cusa wani ɗan shirme. Abin da mutane basa lura da shi shine yaron da ya karanta wannan dan dariya, ya karanta waƙar Poe kenan baiti bayan baiti ba tare da an tsare shi da bulala ba.

Sai irin su Kate Beaton 'yar Kanada, da littafinta ya fito a 2011, ita akwati uku ko shida take yi ta gama. Akwai wanda ta zana 'yan gidan Brontë mata uku marubuta, biyu suna ta yaba wasu maza masu ɗaure fuska da mugun hali, ƙaramarsu Anne tana cewa wannan ai mashayi ne kawai. Wasa ne, amma magana ce ta gaske da masana suka daɗe suna yi, dan Anne ɗin ita ce a 1848 ta rubuta labarin matar da ta gudu da ɗanta daga hannun miji mashayi, lokacin da 'yan'uwanta suke sa masu karatu son irin waɗannan mazan.

Bari na ba ki abin da ya faru a ajina, dan shi ya fi komai gamsar da ni. Na taɓa bai wa ɗalibai aiki, kowa ya zana shafi ɗaya na zolayar Hamlet, wasan kwaikwayon Shakespeare kan ɗan sarkin da yake son ɗaukar fansa a kan kawunsa da ya kashe masa uba. Yawancinsu basu karanta wasan ba, abin da suka sani kawai akwai wani mutum riƙe da ƙoƙon kai, dan haka na karɓi takardu kusan iri ɗaya, wannan ƙoƙon kan ya cije shi a yatsa, wancan ya suɓuce ya faɗo masa a ƙafa. Ba wanda ya yi dariya ko su da suka zana. Sai wata yarinya mai shiru-shiru da ke zama ta baya ta kawo nata, akwati 6 ne kuma duk hoto ɗaya, Hamlet tsaye bayan kawunsa ya ɗaga takobi, bai sara ba. Abin da ke canzawa kawai, gemun kawun yana ƙara tsawo yana furfura, gizo-gizo ya fara saƙa a jikin takobin, a akwati na ƙarshe kawun ya tsufa ya mutu dan kansa, Hamlet na nan hannu a sama yana tunani. Ajin ya tuntsire, har waɗanda basu san labarin ba suka fara tambayarta me ya hana shi sara. Ita ta karanta wasan, ta gane cewa ciwon da ke cikinsa jinkiri ne, mutumin da ya san abin da zai yi ya kasa yi. Da wannan nake auna kowane irin littafin nan in ya zo hannuna, na duba ko marubucin ya taɓo jijiyar labarin ko kuwa hula da riga kawai ya ara.

Kuma marasa kyaun sun fi yawa, kar na ɓoye miki. Za ki gane su da wuri: an canza sunaye an sa musu sautin agwagwa ko na bera, an sa kayan zamanin da, sannan aka ci gaba da guje-guje da faɗuwa irin na kowane katun, in kika cire sunan littafin daga bango ba abin da zai nuna daga ina aka ɗauko. Irin wannan bazai cutar da yaro ba, amma ba abin da zai ƙara masa.

Yanzu abin da ko mai kyaun baya iyawa. Katun ɗin yara yana da iyaka, ba a mutuwa, ba jini, jarumin dole ya dawo lafiya saboda mako mai zuwa akwai wani labarin. Wani lokaci wannan takurar tana haifar da dabara mai daɗi, kaman na Dracula da Bruno Enna da Fabio Celoni suka yi a 2012, da yake ba damar shan jini sai suka sa wanda dodon ya kama yana rikiɗewa ya koma wani jan kayan lambu, jan ya tsaya a madadin jinin, zanen kuma da duhu da inuwa kaman fim ɗin tsoro na gaske. Amma sau da yawa asara ce. A littafin Melville jirgin nutsewa yake da kowa da kowa, mutum ɗaya tak ya tsira yana shawagi a kan akwatin gawa, kuma duk nauyin littafin a kan wannan ƙarshen ya rataya, cewa haukan mutum ɗaya ya ci rayukan da basu ji ba basu gani ba. Katun ɗin Disney bazai iya kai yaro nan ba. Sannan muryar marubuci, yadda jimlarsa take hawa da sauka, dogayen shafukan da yake tsayawa yana tunani, wannan baya shiga akwatin zane. Kama da wane bata wane. Dan haka in yaro ya ce ai ya san Moby Dick tunda ya karanta na agwagwa, sai a gyara masa a hankali, ya san hanyar gidan ne bai shiga ba tukun.

A kan batun raini kuma, ki tuna shi kansa Don Quixote da Cervantes ya fitar a 1605 zolaya ce, ya rubuta shi ne yana tsokanar labaran jarumai masu doki da sulke da mutanen zamaninsa suka haukace a kansu, yau kuma shi ake kira babban littafi ana tsokanarsa. Ko sunan Scrooge ɗin ma da Carl Barks ya ƙirƙira a 1947 daga marowacin nan na littafin Dickens na 1843 aka aro shi. Ta fuskar doka ma ba sata ba ce, a yawancin ƙasashe haƙƙin mallakar littafi yana ƙarewa shekara 50 ko 70 bayan rasuwar marubuci, shi ya sa kowa ke da damar taɓa Dante da Melville. Rigima tana tashi ne in an taɓa abin da har yanzu yake da mai shi. Kotun ƙolin Amurka a 1994 ta ce kwaikwayon zolaya yana iya samun kariya, amma da sharaɗin yana magana ne a kan abin da ya kwaikwaya, kuma a 2020 wata kotun ɗaukaka ƙara a can ta ƙi bai wa wani littafi da ya haɗa salon Dr. Seuss da Star Trek wannan kariyar, ta ce aro kawai ya yi bai ce komai a kan na asalin ba. Abin ya burge ni, dan ma'aunin alƙalan kusan shine wanda nake amfani da shi a aji.

Ko zai karanta na asalin? Ba zan yi miki alƙawari ba, yara sun bambanta, amma abin da na sha gani shine babban abin da ke hana matashi buɗe irin waɗannan littattafan tsoro ne, ya ga kauri ya ga sunaye masu wuyar faɗa ya ajiye. Wanda ya riga ya san waye kyaftin, ya san me ake bi a tekun, in ya buɗe baya jin baƙo ne shi. Kuma a shekara 13 ni ban ma so ki miƙa masa cikakken Moby Dick yanzu, babi 135 ne, da yawansu bayani ne kan sassan jikin kifin da yadda ake tatsar mansa, zai iya sa ya tsani littafin har abada. Ki bar shi da katun ɗinsa. Abin da zan so ki yi, wata rana yana karantawa ki zauna kusa da shi ki ce ya ba ki labarin, in ya zo wajen kwabon ki ce masa a littafin asali fa ba kuɗi kifin ya ɗauke ba, ƙafar mutumin ya cinye, kuma ƙarshen ba haka yake ba. Kar ki faɗa masa ƙarshen ko ya nace. Ki nemo wanda aka taƙaita dan matasa ki ajiye inda idonsa zai kai, cikakken kuma ki bari sai ya ƙara shekara uku ko huɗu.